A ina ya kamata bakin caji ya kasance a jikin motar lantarki?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake tara kuɗin motar lantarki, yanzu Allah Ya sa na kusa. Na ƙara sola a rufin gida, mai wayarin kuma zai zo ranar Asabar ya ja layi zuwa inda nake ajiye mota. Jiya ya tambaye ni bangon da za a kafa akwatin caji, na rasa amsa.

Wajen ajiye motata a Kano siriri ne, katanga a gefe guda, tankin ruwa a ɗayan. Shekara goma sha biyu ke nan da baya nake shiga, don da safe in ɗebi yara in fice ba sai na yi ta juyi a lungu ba. Na duba motoci uku. Hyundai Kona, irin wadda aka harhaɗa a Legas, bakin cajinta a hanci yake. Na BYD Atto 3 yana gefen dama, kusa da tayar gaba. Tesla kuwa can baya ta hagu, a jikin fitila. Kowane kamfani da inda ya ga dama.

To ina ne daidai? Abin ya dame ni, domin ba na son in fasa bango in binne waya mai tsada, sannan kullum dare in riƙa jan kebul ta ƙarƙashin mota.

Bakanike Kaduna ya rubuta:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai ko'ina ne ban da hanci. Shekara ashirin ina gyaran mota, abin da aka fi kawo mana a lotse shi ne gaba. A damina da ta wuce aka jawo mini wata motar lantarki, mai adaidaita sahu ya ja da baya a cunkoso ya daki hancinta. Dukan da a motar fetur fanel bita zai gama da shi kafin la'asar. Amma wannan murfin ya lanƙwashe, soket ɗin ya tsage, fulogi ya ƙi zama. Lafiyayyen batir, lafiyayyen inji, mota ta yi sati uku a gareji muna jiran kaya daga waje. Mai ita har tausayi ya ba ni.

Ga ƙurar hunturu da taɓon damina, duk gaba ne ke fara shan su. A sa shi a gefe, sama da taya, inda bamba ba ta kai ba.

Maman Ƴan Biyu ta rubuta:

Malam Bakanike, ban ƙi taka ba, amma tawa a hanci yake kuma ina jin daɗinsa. Shekara biyu nake tuƙa ta a Abuja. In na je wajen caji, shiga kawai nake da gaba kamar kowane fakin, ko na'urar tana dama ko tana hagu wayar ta kai. Ina caji ina loda cefane a but, babu abin da ya tare ni. Wadda nata yake baya sai ta manna bayan motar da na'ura, ta rasa ta inda za ta ciro kaya. Nissan Leaf da ta fito a 2010 a hanci ta sa nata, Renault Zoe ma haka, ai ba da ka suka yi ba.

Sai dai kai Alhaji da baya kake shiga gida, hancin motar zai kalli ƙofa ke nan. Kada ka kai akwatin can ƙurya.

Baƙon Amurka ya rubuta:

Ranka ya daɗe, bari in ba ka labarin yadda wannan magana ta zama rigima a nan. Tesla ta gina tashoshinta na caji mai sauri, wato Supercharger, don motocinta kawai. Tunda dukansu baya ta hagu ne, sai ta yi wayar gajera: ka shiga da baya, ka miƙa hannu, ka soka. A 2023 Ford ta sanar za ta koma irin fulogin Tesla, sauran kamfanoni suka biyo ta, a 2024 aka fara buɗe musu tashoshin. Sai ga motocin Ford, Mustang Mach-E da F-150 Lightning, nasu yana gaba ta hagu, bayan tayar direba. Wayar ba ta kai ba sai mutum ya tsaya a gurbin da ke kusa, mota ɗaya ta cinye wuri biyu, mutane na layi suna kallo. Da idona na ga an kusa cacar baki a kan haka. Shi ya sa sababbin na'urorin Tesla, V4, suka zo da doguwar waya, Rivian kuma ta mayar da bakin cajin sabuwar motarta R2 baya ta hagu.

Amma kada ka ɗauka hagu ne ya fi don Tesla ta zaɓe shi. Ya dace da mai gareji a Amurka, ya fito daga kujerar direba ya taka biyu ya soka. Volkswagen ID.4 da Hyundai Ioniq 5 baya ta dama suka sa nasu. Inda ake tuƙi a hannun dama, gefen dama ne ke kallon bakin titi, don haka in ka tsaya a gefen hanya kana caji, fulogin ba ya leƙowa inda babur zai kwashe shi. Najeriya tun 1972 hannun dama take bi. Da ni za a tambaya a gida, dama zan ce.

Abu ɗaya kuma: in motar China za ka saya, ka duba ko tsarin fulogin China ne, wanda ake kira GB/T. Shi baki biyu yake da su daban, ɗaya na cajin gida, ɗaya na caji mai sauri, a wasu motocin ma kowanne da gefensa. Na gidan shi za ka auna da bangonka.

Ɗan Kwari ya rubuta:

Allah Ya saka da alheri, kowa ya ƙara mini haske. Hajiya, maganarki ta sa na fita da tef bayan isha'i na auna. In na shiga da baya, gefen dama na mota ne ke bin katanga, tazarar da nake bari bai fi taku ɗaya ba, domin ƙofar direba ta samu buɗewa ta wajen tanki. Ke nan in bakin cajin yana baya ta dama, sai na matse tsakanin mota da bango kafin in kai gare shi. In yana gaba ta dama kuwa, daga bakin ƙofa zan miƙa hannu, ga inuwar rumfa a wajen, ruwa ba ya dukansa. Zuciyata ta karkata can, kuma ya yi daidai da gargaɗin Malam Bakanike, domin lungunmu adaidaita sahu ba ta ƙarewa.

Na kira mai wayarin na ce ya ja layin ya tsaya a ginshiƙin ƙofa, kada ya kafa akwati sai motar ta iso mun gwada ta a wurin. Malam Bakanike, saura tambaya ɗaya: daga mita zuwa ginshiƙin nan ya kai taku ashirin da biyar, wane kaurin waya zan ce ya sayo don kada ta riƙa ɗaukar zafi?