Abin da aka tattauna kan ciwon karkarwa da ƙwayoyin hanji

Salamu alaikum jama'a, tun da maganar da muka yi kan alaƙar ciwon karkarwa, wato cutar Parkinson, da ƙananan ƙwayoyin halitta da ke zaune a hanji ta yi tsawo bari in tattaro ta, musamman don 'yan'uwa na Garwa da Marwa da suka shigo a makare.

1. Kusan kowa ya yarda cutar Parkinson daga mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da dofamin (sinadarin da ke taimaka wa motsin jiki) take, amma da yawa sun ce tsohonsu ya yi shekaru yana fama da taurin bayan gida kafin hannu ya fara rawa, har kofin shayi ya gagare shi riƙewa. Mai aikin asibiti a cikinmu ya ce akwai jijiya mai haɗa hanji da ƙwaƙwalwa, kuma a 2016 an gwada a Amurka, ɓeraye da aka sa wa ƙwayoyin hanjin masu cutar tafiyarsu ta ƙara lalacewa. Ɓera dai ba mutum ba ne, ni nan na tsaya.

2. Wasu bakteriya na cinye maganin levodopa, wanda ake ba masu cutar, tun a hanji kafin ya isa ƙwaƙwalwa. An ce a sha shi kamar rabin awa kafin abinci, kar a haɗa da nama ko ƙwai.

3. Don lafiyar ciki kuwa, ganye, wake, ruwa da yawa, ɗan tattaki, ba gardama.

4. Inda aka rabu kindirmo ne, wasu sun ce yana gyara ciki sosai, wasu sun ce kar a mai da shi magani a ajiye na likita. Masu noman auduga kuma sun tambayi ko maganin feshi na da alaƙa da cutar, wannan ba mu gama ba tukuna.