Tumatir yana fure amma ba ya ɗaura 'ya'ya a tsananin zafi: ina mafita?

Sabon Mai Lambu:
Assalamu alaikum, manya da 'yan'uwa manoma. Tambayata kan tumatir ce a lokacin bazara. Shuka ta yi kyau, ganye shar, fure ya fito da yawa, amma sai wuyan furen ya yi rawaya ya kakkaɓe bai ɗaura ɗa ba. 'Yan kaɗan da suka ɗaura kuma, wasu gindinsu ya yi baƙi, wasu sun ƙi yin ja. Da rana ma'aunin zafi yana kai digiri 38 zuwa 40, da dare ba ya sauka ƙasa da 26. Ana ban ruwa, an kuma sa taki. Cuta ce da za a yi wa feshi, ko ƙarin taki yake so?

Baba Manomin Rani:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ajiye injin feshi, ka kuma ɗaure bakin buhun taki. Wannan ba cuta ba ce, aikin zafi ne.

Tumatir da kansa yake yi wa kansa barbara, garin furen yana zubowa ne a cikin furen ya faɗa kan bakin macen, wato 'yar sandar da ke tsakiyar furen. Yanayin da ya fi so shi ne digiri 21 zuwa 29 da rana, 15 zuwa 21 da dare. Idan rana ta wuce 32, dare kuma ya haura 24, garin yakan ragu, wanda ya samu ma yawancinsa matacce ne. Wani lokaci kuma sandar macen takan yi tsawo ta leƙo waje, sai garin ya kasa kai mata. Furen da bai samu barbara ba, shukar ba ta ci gaba da ciyar da shi, sai ta yar da shi.

Abu biyu ne mutane ba su cika lura da su ba. Na farko, zafin dare ya fi na rana illa, domin da dare ne shukar take hutawa, idan babu sanyi sai ta ƙone abincin da ta tara da rana wajen numfashi. Na biyu, ɓarnar tana faruwa ne tun kamar kwana 10 kafin furen ya buɗe, lokacin da garin yake haɗuwa a cikin toho. Shi ya sa ko yanayi ya yi sauƙi yau, za ka ga fure yana ci gaba da zuba har mako guda ko fiye. Kada wannan ya karya maka gwiwa.

Takin yuriya a wannan lokaci ƙara dagula lamarin yake yi: ganye ya yi ta yaɗo, fure ya ƙara zuba, sabon toho mai laushi kuma ya jawo ƙwari.

Hajiya Mai Shuka:
Baba ya gama magana kan fure. Ni baƙin gindin nan zan taɓa. Ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a cikin ɗan tumatirin, amma sau da yawa ba ƙasar ce ta rasa shi ba. Ruwa ne yake ɗaukar kalsiyam daga saiwa zuwa sama, kuma a zafi ganye ne yake janye kusan duk ruwan, ɗan ya tashi da kaɗan. Idan ƙasa ta bushe ƙayau yau, gobe a cika ta da ruwa, to an buɗe wa wannan matsala ƙofa, haka ma tsagewar 'ya'ya.

Don haka, Malam, ba yawan ruwan ba ne kawai, daidaiton sa ne. Babbar shuka mai 'ya'ya tana shan kamar lita 2 zuwa 3 a rana a irin wannan zafi. A ƙasa mai yashi raba shi biyu, da sassafe da kuma bayan la'asar. A mai laka sau ɗaya da safe ya isa, kada ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. Tura yatsa santimita 5 cikin ƙasa kafin ka ba da ruwa: idan da danshi, dakata. A gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba.

Sannan ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5 zuwa 8, ka bar ɗan fili kewaye da karan. Tana riƙe danshi, tana sanyaya saiwa. Baƙar leda kuwa ka guje ta a bazara, gasa ƙasar take yi. 'Ya'yan da gindinsu ya riga ya yi baƙi ba sa warkewa, cire su.

Malamin Gona:
Zan ƙara da inuwa. Raga mai tare kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na hasken rana ita ce daidai. Idan ta fi haka duhu sai shukar ta zanƙale, fure ya ragu. Ɗaga ta aƙalla rabin mita sama da kan shukar, ka bar gefe a buɗe iska ta ratsa, in ba haka ba ka gina mata tanda. Idan ragar ba za ta wadatar ba, fara da ɓangaren yamma, domin ranar azahar zuwa la'asar ce mai ƙuna. Amma gaskiya ita ce raga ba ta rage zafin dare, saboda haka taimako take yi, ba ta kawar da matsalar ɗungurungum.

Kada a sassabe ganye a wannan lokaci. Ɗan da aka tone wa rana gefensa yakan yi fari ya yi laushi kamar an zuba masa tafasasshen ruwa.

Ƙin yin ja kuwa, sinadarin da yake ba tumatir jan launi, laikofin, ba ya haɗuwa sosai idan zafi ya wuce digiri 30, sai ɗan ya tsaya a ruwan lemo. Tsinke shi da zarar gindinsa ya fara sauya launi, ka shimfiɗa a wuri mai inuwa da iska, kusa da digiri 20 zuwa 25. Zai nuna da kyau, kuma ka sauke wa uwar nauyi.

Sabon Mai Lambu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai ganyen ma yana nannaɗewa. Shi ma zafin ne?

Malamin Gona:
Duba da kyau. Idan tsofaffin ganye na ƙasa ne suka naɗe sama, suna nan kore da kauri, kare kanta shukar take yi daga asarar ruwa, ba komai. Idan kuwa sababbin ganye na sama ne suka ƙanƙance, gefensu ya yi rawaya, shukar ta tsumbure, wannan cutar bairas ce da farin ƙuda yake yaɗawa. Ba ta da magani, tuge shukar ka fitar da ita daga lambun. Juya bayan ganyen kuma: ɗigo-ɗigon rawaya da siririyar yana alamar ƙananan jajayen ƙwari ne masu son zafi da fari. Ko da za ka yi feshi, bari sai rana ta yi sanyi, kuma kada ka fesa farar wuta ko magani mai mai idan zafi ya haura 32, ganyen zai ƙone.

Baba Manomin Rani:
Ka kuma yi shirin baɗi tun yanzu, ɗana, domin irin wannan bazara ba baƙuwa ba ce kuma. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ce 2024 ta zarce 2023 da 2016 a zafi, kuma duk wanda ya tuna waɗannan shekaru ya san fure ne yake fara faɗuwa. Lissafi za ka yi da baya. Iri yana yin kamar mako 4 a wurin raino, daga dashe zuwa furen farko mako 3 zuwa 4, daga fure zuwa nuna kuma mako 6 zuwa 8. Saboda haka yi dashe aƙalla mako 8 kafin zafi ya kankama, yadda gungu uku ko huɗu na farko za su ɗaura cikin sanyi. Ɗan da ya riga ya ɗaura yana jure zafin da fure ba ya jurewa.

Wajen iri, nemi waɗanda aka ƙirƙira don zafi irin su Heatmaster da Solar Fire, kuma masu ƙananan 'ya'ya sun fi manya ɗaurawa. Wannan da ke ƙasa yanzu kuwa, riƙe shi da ruwa da inuwa. Kowace safiya, bayan raɓa ta bushe kafin rana ta ɗaga, ka ɗan girgiza sandar da aka ɗaure shi, garin da ya rage da rai ya samu ya zubo.