Intanet 'yar masu bore ce ko 'yar gwamnati?

Auta: Salamu alaikum. Matashin da ya karanta rubuce-rubucen masu bore wa al'ada na Amurka, irin su Kerouac da Ginsberg, ya kuma buɗe wayarsa ya ga talla ta cika ko'ina, dole ransa ya sosu. Ni a ganina su suka haifi intanet, 'yan kasuwa suka ƙwace.

Malam: Wa alaikumus salam. Auta, ka haɗa zamani biyu. Kerouac da tafireta ya rubuta littafinsa On the Road a 1951, a kan takarda mai tsawon ƙafa 120, aka buga shi a 1957. Ya rasu ranar 21 ga Oktoba 1969. Bayan kwana takwas aka tura saƙon farko a ARPANET, hanyar haɗa kwamfutoci da ta zama tushen intanet, daga jami'ar UCLA zuwa cibiyar bincike ta Stanford. Haruffa biyu kacal suka isa, L da O, na'urar ta tsaya. Kuɗin aikin kuwa na ma'aikatar tsaron Amurka ne.

Yaya: Allah gafarta Malam, wayoyin na gwamnati ne, ban musa ba. Amma ɗabi'ar zaman fa? A 1968 Stewart Brand ya fara fitar da mujallar Whole Earth Catalog domin matasan da suka bar birni suka koma ƙauye. Zai nuna maka kaya, injin niƙa ne ko littafin ginin ɗaki, ya sa farashi da adireshin mai sayarwa, masu karatu su aiko da nasu sharhin a saka a bugu na gaba. Steve Jobs da bakinsa ya kwatanta shi da Google a takarda, a jawabinsa na 2005.

Baba Injiniya: Ku tsaya kan WELL, dandalin hira ta kwamfuta, nan ne maganar take. Brand da Larry Brilliant suka buɗe shi a 1985 a Sausalito. A lokacin sai ka buga lamba da modem, na'urar haɗa kwamfuta, ta layin tarho, ka biya dala 8 a wata da dala 2 a kowace awa. Kowane zaure da mai kula da shi, kowa kuma an san sunansa na gaskiya, ƙa'idar ita ce maganarka taka ce, kai ke ɗaukar nauyinta. Babu talla, domin mai zance shi ke biyan kuɗin. Da dandalin intanet na baya suka mayar da shiga kyauta, mai talla ya zama mai biya, sai aka gina manhaja ta riƙa ɗaga duk abin da zai daɗe da kai a kan allo. Faɗa da zagi sun fi riƙe ido.

Auta: To Baba, ai maganata ke nan. A 1996 John Perry Barlow, mai rubuta wa ƙungiyar mawaƙa ta Grateful Dead waƙa, ya yi shelar cewa gwamnatoci ba su da iko a duniyar intanet.

Malam: A ina ya rubuta ta? A Davos, wurin taron manyan attajirai. Ya kori gwamnati, bai kori kamfani ba. Ba ƙwace aka yi ba, ƙofa suka tarar a buɗe.

Yaya: Duk da haka Malam, kar a kashe masa gwiwa. Littattafan su Kerouac suna da daɗi, kuma ƙorafinsu kan rayuwar neman abin duniya gaskiya ne. Auta, ka duba Community Memory na 1973 a Berkeley: na'ura guda a bakin shagon faifai, kowa ya zo ya rubuta saƙo ya karanta na wasu. Wannan ya fi kusa da abin da kake nema.

Baba Injiniya: Shi ma kwamfutar da ke bayansa, kamfani ne ya ba su kyauta.