Injin jirgin ruwa da ke shaƙewa idan an ba shi wuta

Tambayar ita ce: inji na tashi lafiya, yana silo lafiya, amma da an buɗe masa wuta sai ya shaƙe. Yawancin direbobi da makanikan da suka tanka sun ce mai ne ba ya isar sa.

Kowa ya ce a fara da murfin tanki. Idan ƙofar iskarsa a rufe take, mai ba zai fito yadda ya kamata ba.

An fi daɗewa kan robar nan ta jikin tiyon mai da ake matsawa da hannu don tura mai zuwa inji, kuma ni ma a nan na fi gamsuwa. A duba ta jirgi na gudu. Idan ta lotse, toshewar tana ɓangaren tanki. Idan kuwa an matsa ta inji ya farfaɗo, to famfon mai ya gaji, ko tiyo ya tsage yana zuƙar iska. Wasu suka ce a ari tankin wani a gwada.

Sai filta, saboda ruwa da datti, sannan a wanke babban jet na kafireta, wato ƙaramar ƙofar da mai ke bi idan an buɗe wuta.

Gargaɗin da aka nanata: a injin da ake gauraya wa fetur da man inji, ƙarancin fetur na nufin ƙarancin man inji, wanda ke iya kama fistin, don haka a rage wuta nan take.