Muhawara: Wayar da Kan Maza Ne Zai Hana Cin Zarafin Mata, Ko Kuwa Sai Kotu?

Shugaban zaure: Assalamu alaikum. Muna cikin kwanaki 16 da ake warewa kowace shekara, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, domin yaƙi da cin zarafin mata, kuma jiya Barista ya yi wata magana da ta raba kan zauren nan. Cewa ya yi kuɗin da ake kashewa wajen tara maza da samari domin a wayar musu da kai asara ce, saboda mai dukan matarsa ba sani ya rasa ba, tsoron hukunci ya rasa. Na buɗe fili, da sharaɗin kada a kama sunan kowa ko a nuna gidan kowa.

Barista: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan maganata, ranka ya daɗe. Dokar tarayya ta haramta cin zarafin mutane ta 2015 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara uku, ko tarar da za ta iya kaiwa naira 200,000, ga wanda ya doki abokin zaman aurensa, kuma jihar Kaduna ta kafa tata dokar a 2018. A watan Satumban 2020 Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sa hannu a gyaran dokar da ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yarinya ko yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe, da kuma dandaƙa da ɗaurin rai da rai idan wanda aka zalunta ya haura waɗannan shekaru. Saboda haka ba doka muka rasa ba. Abin da muka rasa shi ne ɗan sandan da zai yi bincike ba tare da an nemi kuɗin mai a hannun uwar yarinya ba, da lauyan gwamnati da ba zai bar fayil ya kwana a ofis ba, da ƙarin wuraren jinya. Akwai cibiyoyin Salama, masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe da cin zarafi, a Kakuri da Tudun Wada da Zariya da Kafanchan, amma jiha ce mai ƙananan hukumomi 23, sai ku auna nisan ƙauyukan Birnin Gwari da Kakuri. Duk nairar da aka kashe wajen buga riguna da raba kuɗin mota a ɗakin taro na otal, daga bakin waɗannan aka cire ta.

Hajiya Babba: Barista, ka fara labarin daga ƙofar caji ofis, alhali yawancin matan da ake duka ba su taɓa kaiwa nan ba. Bari in tuna maka hanyar da suke bi, tunda kai ma a cikinta ka tashi. Mace ta sha duka ta yi yaji zuwa gidan ubanta. Bayan kwana biyu ko uku miji ya turo biko, kuma su wa ake turowa? Abokinsa da ya yi masa babban aboki ranar aure, da baffansa, wani lokaci da mai unguwa ko liman. Su wa suke karɓarsu a zaure? Uba da kawu da yayyenta maza. Ita tana cikin gida ba a ko kira ta ba, idan kuma aka kira ta, ana kiranta ne domin a ce ta yi haƙuri, zaman aure ɗan haƙuri ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na halarci irin wannan zama tun ina budurwa ina leƙe har na zama uwar da ake sallamowa a gaishe ta, amma da wuya in ji an juya ga mijin an ce masa: kai kuma fa, me za ka daina, kuma wa zai tsaya maka idan ka sake? Waɗannan mazan da ke zaure su ne kotun farko, kuma ga mafi yawan mata su ne ta ƙarshe. Idan ka ce magana da su asara ce, to ka bar wa mutanen da ba a taɓa ƙalubalanta ba ikon yanke hukuncin da ya fi na alƙalinka tasiri.

Anti Nas: Ina goyon bayan Hajiya da abin da muke gani a asibiti. Maganin da ke kare wadda aka yi wa fyaɗe daga kamuwa da cutar ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, kuma duk yadda aka yi saurin farawa ya fi. Waɗannan kwana ukun su ne daidai lokacin da mazan gida ke kai da komo a kan ko a yi shiru domin rufin asiri, ko a karɓi kuɗin magani a hannun dangin wanda ya yi ɓarnar. Kafin a kawo mana yarinya an yi mata wanka, an wanke tufafin, lokacin magani ya wuce, shaida kuma ta gushe. Sannan akwai abin da ba ka faɗa ba game da dokar 2020, Barista. Sau da yawa wanda ya yi abin ba baƙo ba ne, ɗan uwa ne ko maƙwabci ko wanda ake aika yarinya wurinsa, kuma a ganina da zarar dangi sun ji cewa ƙarshen magana dandaƙa ce da kisa, sai su ƙara ƙanƙame sirrin. Tsananin hukunci ba ya aiki a kan laifin da ba a kai ƙara ba.

Barista: Hajiya, Anti, kun ƙarfafa hujjata ne ba ku sani ba. Kawun da ya karɓi kuɗi ya rufe fyaɗe ba ɗalibi ba ne da za a zaunar a koyar, mai ɓoye laifi ne, kuma ranar da aka gurfanar da ɗaya a gaban kotu labari zai zaga unguwa fiye da duk wata lacca. Ban da haka, wa kuka taɓa gani a waɗannan tarurruka? Ba baffan da ke zuwa biko ba ne. Samari ne masu Turanci waɗanda tun asali sun yarda da abin da za a faɗa, su ɗauki hoto su sa a Facebook su watse. Al'adar maƙala ɗan farin ƙyalle a ƙirji da maza ke yi, a matsayin alamar ƙin cin zarafin mata, ta samo asali ne daga Kanada a 1991, bayan wani mutum ya harbe mata 14 a wata kwalejin koyon injiniya a Montiriyal a 1989, kuma mazan da suka fara ta da gaske suke. Mu ƙyallen muka ɗauko, muka bar gaskiyar a can.

Ɗan Auta: Iyayena, a gafarce ni in sa baki. Baba Barista ya yi gaskiya game da taron yini ɗaya, amma ba shi ke nan ba aikin da ake yi da maza. A Ruwanda an gwada wani shiri mai suna Bandebereho, inda magidanta masu ƙananan 'ya'ya ko masu jiran haihuwa suka riƙa zama a ƙananan rukunoni har sau 15, wasu zaman tare da matansu, ana tattauna kuɗin cefane da renon yara da yadda ake kashe rigima. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna kusan kashi 33 cikin 100 na matan waɗanda suka shiga shirin ne suka ce an dake su a shekarar da ta gabata, a yayin da a ɓangaren waɗanda ba su shiga ba adadin ya kai kusan kashi 57. Abin lura shi ne matan aka tambaya, ba mazan ba. Sannan cewa mai duka ya san laifi yake yi, ban tabbata haka ne ga kowa ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya gano kashi 31 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka, kuma kashi 21 na maza da kashi 28 na mata suna ganin akwai dalilin da zai halatta wa miji dukan matarsa. Ni a majalisarmu ta wurin mai shayi ina jin yadda sa'o'ina, waɗanda ko aure ba su yi ba, suke cewa mace sai da horo, kowa ya yi dariya. Babu sashen doka da zai kama wannan dariya, amma daga cikinta ake samun angon gobe.

Malam Na'ibi: Allah ya yi maka albarka, ɗana. Barista, akwai hadisi a Bukhari inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a taimaki ɗan uwa ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, da aka tambaye shi yadda za a taimaki azzalumi sai ya ce a hana shi zaluncin. Ke nan riƙe hannun mai duka wajibi ne a kan abokinsa da maƙwabcinsa tun kafin a je ga hukuma. Nana A'isha ta shaida, kamar yadda ya zo a Muslim, cewa bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Masu fakewa da aya ta 34 a Suratun Nisa'i ba sa faɗa wa mutane cewa malaman da suka yi sharhinta sun hana duk abin da zai raunata ko ya bar tabo, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya alƙali yana da ikon raba aure idan cutarwa ta tabbata, ko da miji bai so ba. Aya ta 35 ma cewa ta yi a naɗa mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, wato ita ma tana da mai magana da yawunta.

Hajiya Babba: Allah ya gafarta Malam, duk abin da ka kawo gaskiya ne, sai dai ina tambaya: a ina ake faɗarsa? A walimar amarya ana zaunar da yarinya a yi mata wa'azin biyayya har a gaji, a islamiyyar matan aure ma darasin ke nan. Shi ango kuwa, a wurin ɗaurin aure wakilinsa ne ke magana, a biya sadaki a shafa fatiha a raba goro da alewa, ya tafi ba wanda ya zaunar da shi ko na rabin awa. Mun yi shekaru muna koyar da wadda ake duka yadda za ta kauce wa duka.

Baba Dattijo: Hajiya, kada ki ɗauka a masallaci kaɗai ne. A majami'unmu na unguwannin Sabon Tasha da Television a Kaduna ana yi wa masu shirin aure nasiha su biyu tare, wanda abu ne mai kyau, amma idan rigima ta taso aka kawo wa dattawa, ayar Afisawa ta Littafi Mai Tsarki da ke cewa mata su yi biyayya ga mazansu ita ke fara fitowa, wadda ke biye da ita kaɗan, mai umartar maza su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya, sai a karanta ta da sauri. Kuma dattawan nan galibi mu maza ne.

Anti Nas: Akwai tsoro guda da nake da shi, kuma a nan na fi kusa da Barista. Na lura duk lokacin da aka ce a shigo da maza, ba a daɗewa sai su karɓe kujerar shugabanci da lasifika da asusun kuɗi, matan da suka yi shekaru suna raka yara asibiti da kotu su koma masu raba ruwa. Namiji ya faɗi a taro abin da mace ta daɗe tana faɗa, a tafa masa a ba shi lambar yabo. Idan shigo da maza zai ci daga kason jinya da na lauyoyi, ni ban yarda ba.

Barista: To, mun fara fahimtar juna. Ɗan Auta, na karɓi alƙalumanka, amma ka lura da abin da suka ƙunsa: zama 15, masu koyarwa da aka horar, da komawa wurin mata bayan watanni a tambaye su ko an daina. Ka nuna mini shirin da ke yin haka a Rigasa ko Kawo, ni da kaina zan je in koyar da sashen doka kyauta. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a ƙirga mazan da suka sa hannu a takardar halarta a kira wannan nasara. Malam, ina kuma jin tsoron kada riƙe hannun azzalumi ya zama wata sabuwar hanyar kashe magana a zaure.

Malam Na'ibi: Abin da Hajiya ta nema ba ya buƙatar ko sisi daga asusun kowa, Barista. Duk bikon da aka kira ni daga yanzu, idan duka ne sanadin yajin, zan nemi a ji ta bakin matar, a rubuta abin da miji ya ɗauka a gaban waliyyinta da shaidu biyu, kuma a faɗa masa a fili cewa idan ya sake, mu da muka zo bikon za mu ba da shaida a gaban alƙali. Zan kai wannan shawara ga limaminmu ranar Juma'a.

Barista: Ka ƙara a cikin takardar cewa ba ta hana matar kai ƙara ko neman umarnin kariya daga kotu a duk ranar da ta ga dama, in ba haka ba wata rana za a ɗaga mata ita a ce ai an riga an sasanta.

Anti Nas: Kuma Malam, a bayyana wa limamin cewa wannan tsari na rikicin aure ne kawai. Fyaɗe da raunin da ya kai ga jini ko karaya ba sa shiga biko, asibiti ake fara zuwa a ranar, sannan caji ofis.

Hajiya Babba: Saura abu ɗaya, Malam. Idan mijin ne ya gina muku masallacin, wa zai karanta masa takardar, kai ko liman?