Rabon ƙarfin watsawa tsakanin turaku uku ya ƙi tsayawa wuri ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar sadarwa. Ina kwaikwayon tsarin LTE (sadarwar wayar 4G) a manhajar lissafi ta MATLAB don aikin digirina na biyu, kuma wani abu ya cije min.

Turakun sadarwa uku ne maƙwabtan juna, duk a kan mitar rediyo ɗaya mai faɗin 20 MHz, wato gutsuren mita da ake kira RB (resource block) guda 100, kowanne 180 kHz. Kowane turke na ba shi wat 40. Idan turke ɗaya ne, dabarar cika ruwa tana tafiya lafiya lau: gutsuren da hanyarsa ta fi kyau shi ke samun ƙarfi mafi yawa. Ina kunna ukun sai abu ya rikice. Kowane turke yana ɗaukar siginar maƙwabcinsa a matsayin hayaniya, ya sake rabo, maƙwabcin ma ya sake nasa, lissafin ya dinga kai-komo. Rage girman takun sauyin da ake yi a kowane zagaye ya ɗan lafar da shi, amma masu waya na bakin iyaka SINR ɗinsu (ƙarfin siginarsu idan aka gwada da katsalandan na maƙwabta da hayaniya) ya faɗi warwas, kusan ba sa samun komai.

Na san katsalandan ya hana matsalar zama mai ƙololuwa ɗaya, shi ya sa CVX (kayan warware irin wannan lissafi a MATLAB) ya ƙi karɓarta kai tsaye. To in koma WMMSE (dabarar rage kuskuren karɓar sigina bisa nauyin da aka ba kowane mai waya), ko in ɗora wa kowane turke harajin katsalandan? Zuciyata ta fi karkata ga WMMSE, sai dai tun da RB ɗaya mutum ɗaya ake ba wa, in fara raba gutsure sannan ƙarfi, ko in riƙa juya su bi da bi? Wanda ya taɓa haɗa wannan da rabon adalci na PF (proportional fair), don Allah yaya ya riƙa sabunta nauyin kowane mai waya?