An yi masa aikin zuciya yana ƙarami, yanzu ya fara haki

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona shekararsa 15, an yi masa aikin Fallot, wani ciwon zuciya da ake haihuwar yaro da shi, a Indiya yana ɗan shekara 2. Kwanan nan in ya ɗan taka ƙwallo sai haki, ya ce ƙirjinsa na dukan uku-uku. Wa ya kamata mu gani?

Baban Amira: Wa'alaikumus salam. Yaushe rabonku da eko, wato hoton zuciya?

Maman Sadiq: Wallahi tun yana firamare.

Baban Amira: To da shi za a fara, Hajiya. Masu Fallot, bawul ɗin da jini ke bi zuwa huhu yakan riƙa yoyo bayan aikin, jini na komawa baya, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta buɗewa shekara da shekaru ba a sani ba. A yi eko da ECG, wato gwajin bugun zuciya, a maƙala masa na'urar nan da ke naɗar bugun zuciya na awa 24. Wasu sai an sa musu sabon bawul. Ya ajiye ƙwallo tukuna.

Anti Hauwa: Ni dai roƙona ku kula da zazzaɓi. Tawa an cire mata haƙori, ba wanda ya tambayi tabon da ke ƙirjinta. Bayan nan zazzaɓi ya ƙi sauka. Mai kemis ya ce maleriya, ya dawo ya ce taifot, muka yi ta ɗirka mata magani tana ramewa, da daddare gumi har ya jiƙa filo. Ashe ƙwayar cuta ce ta kama bawul ɗin. Sati 6 muna kwance ana allura ta jijiya. Likitan ya yi faɗa, ya ce da an ɗibi jininta an shuka a ɗakin gwaji don gano ƙwayar cutar kafin a fara antibayotik. Duk mai bawul na roba, a gaya wa likitan haƙori kafin ya taɓa shi.

Ummu Hanif: Subhanallah. Allah Ya ƙara mata lafiya.

Alhaji Garba: Ku koma Indiya kawai.

Baban Amira: Da wace dalar, Alhaji? Asibitin Malam Aminu Kano akwai likitocin zuciya, ga asibitin Shika na Zariya.

Alhaji Garba: Wanda ya ɗinka ai shi ya san ɗinkinsa.

Ummu Hanif: Hajiya ki tafi da takardar sallamar da suka ba ku, a nan aka rubuta abin da aka yi masa. In ya suma kuma kada a jira ranar kilinik.

Maman Zainab: Don Allah mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, zai iya azumi? Tawa ta nace.

Anti Hauwa: Likitanta za ki tambaya, ki je da sakamakon INR, gwajin daskarewar jini.

Maman Sadiq: Takardun suna gidan kakarsa a Gusau, bari in sa a ɗauko min hotonsu.